Dannawa Biyu

Yatsan Malam Bawa ya yi ta rawa a kan maɓallin, sannan akwatin ya ce, "A'a."

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, wannan ɗan akwati ne bakinsa. 'Yarsa Wasila, mai gyaran na'urori a Birnin Konni, ita ta haɗa shi. Dannawa ɗaya "I", biyu "A'a".

"Kin dai ji," in ji Baffa Rabilu, ƙanen mahaifinta. "Ba ya son a kai shi Sakkwato a yi masa aiki. Tajaye yake so, gida."

"Hannunsa ne ke karkarwa, Baffa. Sau ɗaya ya danna, akwatin ya ɗauka biyu ne."

"To, murɗa shi ya daidaita. Mota na jira a ƙofa."

"Ba shi da mamurɗi. Tazarar da yake bari tsakanin dannawa da dannawa, tun wajen haɗa manhajar ake yanke ta. Gishiri ne a cikin ƙullu, sai an sake sabon kwaɓi."

Ta buɗe kwamfuta a kan gwiwarta, ta nemo layin da lambar tazarar take. Nan hannunta ya tsaya. Idan ta tsawaita tazarar sosai, akwatin ba zai ƙara jin dannawa ta biyu ba. Kome aka tambaya, "I" zai ce, kuma duk gidan nan babu mai ganewa. Likita ya ce in aka yi jinkiri, aikin ba zai yi amfani ba.

Ta ɗaga kai. Idon Babanta yana kanta, bai ƙifta ba.

Ta ƙara lambar daidai abin da zai shanye karkarwa, ba ta wuce haka ba. Rubutu ya yi ta gudu a fuskar kwamfutar, direba na ta danna oda a waje. Da manhajar ta haɗu, ta ɗura ta a akwatin, ta gwada da yatsanta, ta ga ya zauna daidai.

Ta durƙusa gaban gadon. "Baba, mu tafi Sakkwato?"

Ya danna. Jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya tsatso a goshinsa, yatsan ya ɗago sarai, kowa na gani. Ya sake sauka.

"A'a."

 Wasila ta tashi ta fara naɗe bargonsa.

"Baffa, a faɗa wa direba Tajaye za mu. Ya bi ramuka a hankali."