Sunan da Kaka Ta Ɗauko a Bakin Ƙofa

Kaka ce ta raini yaron tun rasuwar uwarsa, kuma ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Maigida. Shekararsa goma sha biyar, mai jiki ne, ga kumatu. Ita kuwa abin alfaharinta ke nan, don a ganinta shaida ce cewa ba ta bar maraya da yunwa ba.

Wata safiya 'yan ajinsu suka tsaya a bakin ƙofa suna ƙwala kira: "Fates! Fito mun makara!"

"Wane ne kuma Fates?" in ji Kaka.

"Ni ne," ya ce, yana ɗaura igiyar takalmi bai ɗago ba. "A darasin Turanci aka sa min."

Kaka ta san babu mai kama shi a Turanci, sai ta ɗauka laƙabin gwanaye ne. Daga ranar ta riƙe sunan. Ta kira shi da shi a gaban mai shago, ta yi wa maƙwabciya bayani har da tafa hannu.

Sannu a hankali Maigida ya fara barin shinkafa a faranti. Yau ya ce ya ci a makaranta, gobe cikinsa ne ke ciwo. Ya sa ƙusa ya ƙara wa bel ɗinsa huda. In ta yi magana sai ya ce tsawo yake yi.

"Ko dai ka yi wata ce a waje, girkina ya daina maka daɗi?" ta tsokane shi. Dariyar ma da ƙyar ya yi.

Rannan aka aiko daga makaranta, wai ya yanke jiki ya faɗi a layin safe. Ta same shi a asibiti an sa masa ruwa, wuyansa duk ƙashi.

"Fates, buɗe ido, ga ni."

Nas ɗin da ke gyara robar ruwan ta juyo. "Mama, me kika ce masa?"

"Sunansa na Turanci."

Nas ta rage murya. "Ai ma'anarsa wanda ya fi kowa ƙiba."

Kaka ta laluba bakin gado ta zauna.

Yaron ne ya ƙarasa mata labarin, idonsa a bango. Darasin kan abinci ne da rage ƙiba. Da aka zo koyon yadda ake cewa mai ƙiba, wanda ya fi shi, da wanda ya fi duka, sai malamin ya fito da yara uku gaban allo, ya jera su, shi ne na ƙarshe. Aji ya yi ta maimaitawa da ƙarfi.

"Me ya hana ka gaya min?"

"Na ga kina murna, Kaka."

Kaka ta haɗa masa shayi, ya kurɓi kaɗan ya ture kofin.

Jarrabawar zangon nan ta wuce shi. Likita ya ce za a daɗe ana fama, a riƙa kawo shi ana dubawa. Da suka koma gida, Kaka ta bi ta shago ta shiga gidan maƙwabciya, tana roƙon kowa da Allah kada ya sake kiran sunan. Mai shago ya ga tana kuka, ya ce to.