Ɗakin Bayan Rumbu

Sharafuddeen yana da shekara goma sha huɗu, amma kalmomin da yake furtawa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Idan tirela ta wuce ta hanyar Ƙonni sai ya toshe kunnuwa, ya durƙusa yana jijjiga jiki. Makarantar boko ta maido shi gida, Islamiyya ma haka. Wata likita a Sakkwato ce ta ce ba aljanu ba ne, abin sunansa otizim, kuma akwai makarantar kuɗi ta kwana a Kaduna inda ake koyar da irinsa.

Mahaifinsa, Maccido, ya duba takardar makarantar sau ɗaya ya ninke ta. Fataucin wake da albasa yake yi tsakanin Illela da Ƙonni, kuma tun lokacin da aka rufe iyaka kasuwarsa ba ta sake miƙewa ba.

Wata Lahadi, ana tsakiyar cin kasuwa, yaron ya sulale ya fita. Sai bayan la'asar aka same shi kwance ƙarƙashin wata tirela, direban har ya tada inji. Washegari Maccido ya shigo gida da sarƙa da kwaɗo a leda.

Mahaifiyar Maccido, Hajiya Tayyiba, tana tsintar shinkafa a inuwa. Ƙarar sarƙar ta fara ji. Faifan ya suɓuce daga hannunta.

"Mi kas sawo?"

"Na ƙofar ɗakinai ne, Inna. Kafin wata mota ta taka shi."

Ta ce, "Aje shi. Gobe ka kai ni Garu."

A Garu aka yi mata aure, can kuma gidan mijinta marigayi yake, da gonarsa ta fadama. Shekara talatin ke nan ba ta taka garin ba. Maccido ya ɗauka zumunci za ta yi, amma da suka isa ba ta shiga gidan kowa ba. Ta ratsa tsakar gidan da ciyawa ta cinye, ta zagaya bayan rumbu, inda wani ƙaramin ɗakin laka yake tsaye, rabin rufinsa ya rufta.

"Shiga ka duba ƙasa," in ji ta.

A tsakiyar ɗakin akwai turke na iccen ƙirya, gara ba ta iya cinye shi ba. Ƙasar da ke kewaye da shi ta lotsa, kamar inda aka daɗe ana zagayawa.

"Na akuya ne?"

"Na yayanka ne."

Maccido ya san yana da wa da ya rasu tun shi Maccido yana goye. Zazzaɓi aka ce masa.

"Halilu," in ji ta. Ɗan fari ne, don haka kunya ba ta taɓa barin ta kama sunansa ba sai yau. "Shi ma ba ya magana. Shi ma yana toshe kunne in ana daka. Aka ce iska ce. An yi turare, an yi rubutu, har garin Tawa mun kai shi. Da ya fara gudu daji, babanka ya kafa wanga icce. Ni nika ɗaure shi da safe, don ni kaɗai yake bari in taɓa ƙafarsa."

"Shekara nawa, Inna?"

"Shida. Rannan na kawo mai fura na iske shi ya kwanta, bai tashi ba." Ta dafa bangon. "Duk lokacin da ɗanka ya jijjiga jiki, shi nike gani. Ka nemo mai saye. Gidan da fadamar duka."

Dangi sun yi surutu. Wani baffan Maccido ya zo har Illela ya ce ba a sayar da gadon uba saboda yaron da ba zai taɓa riƙe fartanya ba. Hajiya ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Kana nan lokacin da aka kafa turken. Kai ka riƙe iccen." Bai sake zuwa ba.

Abin da aka samu bai wuce kuɗin makarantar na shekara biyu ba. Haka suka kai Sharafuddeen Kaduna. Ya yi kururuwa a bakin ƙofar makarantar, malamai biyu suna lallashinsa, Hajiya kuwa ta zauna cikin mota ta rufe fuska da mayafi. Watanni uku ba ta cin abincin kirki.

Ya dawo hutu da ƙaramin littafi na hotuna rataye a wuya. Ranar da ya iso, ana zafi, ya je gaban kakarsa ya buɗe shafi, ya ɗora yatsa kan hoton kofi, ya jira. Mahaifiyarsa Humaira ta fashe da kukan murna. Hajiya ta tashi da kanta ta ɗebo ruwa a randa. Ya shanye, ya sake nuna hoton. Ta ƙaro masa.

Da yaron ya koma ɗaki, Maccido ya sami Hajiya zaune bakin randar, moɗa a hannu.

"Inna, lafiya?"

"Ashe ƙishirwa ce," ta ce. "Wancan ma yakan kama hannuna ya ja, ya ja. Ban san mi yake so ba."

Maccido ya zauna kusa da ita a ƙasa. Bai gaya mata cewa makarantar ta aiko da sanarwar ƙarin kuɗi ba. Ya bari sai bayan hutu.