Baba Mai Agogo Bai Kai Darasi na Sha Takwas Ba

"A'a, Baba, ba haka ba. Sake faɗa."

Baba Mai Agogo ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya sake kai wa kalmar hari. Turanci a bakin ɗan shekara saba'in da tara sai a hankali: harshe na so, haƙora sun ƙi, su ma ɗin guda nawa suka rage. Matarsa Inna ta leƙo daga kicin.

"Boko da furfura! Malama, ki ƙyale shi haka, kar ya haɗiye harshensa in shiga uku."

Malama ta yi dariya, ta farko ke nan tun safe. Wata biyar da suka wuce wata ƙungiya ta kawo ta ƙasar nan aikin sa kai, tana koyar da Turanci a wata makarantar bayan gari. Ta zo da zumuɗi, ƙasar ta sauke mata shi tas. Har yau takan hau motar da ba tata ba. Mai kanti yana ɗaga mata murya kamar kurma. 'Yan ajinta kuwa, da suka gano ba ta san zagi a yarensu ba, a gabanta suke yi suna murmushi. Ɗan yaren da ta iya, a ɗakin tsofaffin nan ta tsince shi, ƙofarsu na kallon tata a hawa na uku.

Baba ne ya fara ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ɗansa tilo ya rasu a wata ƙasa mai nisa, ya bar 'ya mai shekara tara wadda ba ta jin komai sai Turanci. Ranar Lahadi uwar yarinyar kan kira shi ta waya mai hoto, kaka da jika su yi ta kallon-kallo, shi yana washe baki, ita tana wasa da gashinta, har a kashe. Yanzu kiran ma ya koma sati bibbiyu.

"Magana ce nake so in faɗa mata," in ji shi a ranar farko. "Ba ta da yawa. Ki juya min ita, in haddace."

"Ka kira ni ranar, in yi muku tafinta."

"A'a, 'yata. Da bakina nake so ta ji."

Sai Malama ta ɗauko littafi. A wajen horon da ƙungiyar ta ba su an ja musu kunne: ba a tsallake darasi, ba a ba ɗalibi hadda kamar aku. Zancen iyali yana darasi na sha takwas. Haka ta faɗa wa Baba, haka ta faɗa wa kanta. Gaskiyar kuwa tsoro take ji. A duk garin nan, a teburin nan mai cike da gawar agoguna ne kaɗai ake jiran ta, ake tambayar ko ta ci abinci. In tsoho ya sami maganarsa ya haddace, me zai sa ya sake neman ta? Don haka suka yi ta sunayen launuka, da kwanakin mako, da yadda ake tambayar hanyar tasha.

Yau suna darasi na sha ɗaya. Baba ya rufe littafin, ya ɗora hannu a kai. 

"Malama, ni fa mai agogo ne. Na san ƙarar batir in ya fara ja da baya. Ki bari in faɗa miki maganar nan yau."

"Haba Baba, ana gini daga rufi? Sati uku ya rage."

Ya dube ta, sannan ya buɗe shafin da kansa.

Ranar Alhamis ta dawo daga makaranta ta tarar da maƙwabta tsaitsaye a matakala. Baba ya yanke jiki ya faɗi da hantsi, an tafi da shi asibiti. Ko jaka ba ta ajiye ba ta juya. Ta same shi kwance, bakinsa ya karkace, Inna na goge masa yawu da bakin gyale.

Malama ta durƙusa, ta zaro biro. "Faɗa min, Baba. Yanzun nan zan juya maka. Don Allah faɗa min."

Leɓɓansa suka motsa. Iska ce kawai ta fito. Ya gwada sau uku, ya gaji, ya mayar da ido silin. Da safiyar Asabar rai ya yi halinsa.

Ranar Lahadi da la'asar, ɗakin ya rage daga Malama sai Inna, waya ta yi ƙara. Inna ta miƙa mata.

"Ke ce mai bakinsu. Ni me zan ce?"

Uwar yarinyar ta riga ta ji labari. Ta yi gaisuwa a gajarce, ta ba 'yarta wayar. Yarinyar ta dubi baƙuwar fuska, ta yi magana a hankali, da Turancin da Malama ta yi wata biyar ba ta ji mai tsabtarsa ba.

"Mamana ta ce Kaka yana koyon Turanci don ya faɗa min wani abu. Ke ce malamarsa? Me zai ce?"

Malama ta juya ta tambayi Inna. Inna ta girgiza kai, hawaye na bin kumatunta.

"Ya ƙi faɗa min. Ya ce ba na riƙe magana. Ai na ɗauka ke ya faɗa wa."

Malama ta riƙe wayar da hannu biyu don kar ta suɓuce. Yarinyar ta ɗauka layi ne ya tsaya, sai ta matso da fuskarta, har ba a ganin komai sai goshi da ido ɗaya, tana jira.