Awon Zikri

To ai ba ku ji ƙarshen zancen ba, Masnah ba za ta tafi ƙauye ba! Tana nan birnin Kucin da ɗanta Zikri, bakin nan nata ya ƙi rufuwa don murna. Ku tsaya ku ji yadda aka yi.

Kun san yaron a watan Safar ya zo, kuma ɗan Safar dole a auna shi da abinci a yi sadaka da abincin, don Allah Ya kare shi. To surukarta Mak Sepiya, wato Inna Sepiya, wadda ke can ƙauye a saman kogi, ba ta taɓa ganin jikan nan nata ba saboda ciwon baya. Sai ta bugo wa ɗanta Sapawi, mijin Masnah, waya, ta ce nawa ne nauyin yaron, don ta haɗa kayan awo. Shi kuma yana cikin cin taliya, ya ce mata biyar aka ce a asibiti. Shi ke nan abin da ya faɗa, biyar.

Tun daga ranar Masnah ba ta huta ba. Kullum surukar na kan waya. Wai yaro wata biyu a duniya biyar kacal, ai kazarta ta fi shi. Wai 'yan matan birni ba su da ruwan nono sai jan baki. Ƙarshe ta yanke hukunci, ana gama awo za ta tafi da uwa da ɗa ƙauye, wata uku ana ɗura wa Masnah romon citta da masoro har yaron ya yi kumari. Masnah ta yi kuka har ta gaji. Ta dubi cinyoyin Zikri duk sun yi ninki, ta rasa inda ramar take.

Ranar awo Mak Sepiya ta sauka daga kwalekwale da kwandonta. Ta leƙa yaron yana barci a zanen lilo, ta ce kumatun nan kumburi ne. Ba ta ɗauke shi ba saboda bayan nata.

Aka rataye katako a tsakar ɗaki, zane a gefe ɗaya, kwando a ɗaya gefen. Cikin kwandon ayaba ce da kwakwa da dafaffiyar shinkafa mai danƙo a naɗe cikin ganye. Liman ya gyara zama, ya ɗaga hannu. Masnah ta kwantar da Zikri cikin zanen.

Wallahi kwandon nan sai ya yi sama kamar an harba shi. Ayaba ɗaya ta faɗo kan hular liman.

Mak Sepiya ta juya ta kalli ɗanta. "Kai, Sapawi, me ka ci a ciki?"

Ya rantse ko ganye bai taɓa ba. Ta ce da hannunta ta auna, kati biyar cif, awon mutanen da, a ma'aunin da ta gada daga uwarta.

"Mak, kilo fa na ce miki."

"Ƙarya kake, biyar ka ce. Kilo kuma ɗan gidan wa ne?"

Nan fa ɗaki ya kaure. Wata maƙwabciya ta ce kilo ɗaya kati biyu ne, mijinta ya ce ta yi shiru ba haka ba ne. Liman dai hannunsa na sama, ya rasa ya sauke ko ya bari. Can wani ya duba waya ya ce kati ɗaya giram ɗari shida ne, ke nan kilo uku Mak ta kawo, saura biyu.

Addu'a kuwa ba ta yiwuwa sai katako ya daidaita. Aka shiga kwasar kayan kicin. Aka jefa abarba, aka jefa kwalbar miya, har da albasa uku, kwando bai sauko ba. Sai liman ya shaƙi iska, ya ce shi tun shigowarsa yake jin ƙanshin duriyan, ƙaton ɗan itacen nan mai ƙaya. Ashe Sapawi ya ɓoye guda ƙarƙashin gado don ya ci shi kaɗai. Ya fito da shi kamar zai yi kuka, ya saka. Katako ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya daidai. Liman ya karanta addu'a da sauri kafin wani ya motsa.

Mak Sepiya ta ce a miƙo mata jikanta, bayan ma ya yi ta ciwo. Tana karɓa ta yi nishi, ta zauna daɓas. Ta juya shi, ta matsa cinya. Sannan ta dubi Masnah.

"Masnah, me kike ba shi?"

"Nono ne kawai, Mak."

"To ci gaba. Kwalekwalenmu ba zai ɗauki wannan ƙaton ba, ku yi zamanku."

Don haka duk wadda ta ji ta gaya wa ta kusa da ita, musamman matan layin bayan masallaci. Amma Masnah ta ce don Allah kada ku ce kilo biyar. Ku ce kati takwas har da ɗoriya, ya fi cika baki.