Jirgin da Ya Zauna a Kan Wutsiya

Safiyo ya daɗe yana haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, irin waɗanda ke zuwa gutsi-gutsi a kwali, mutum ya liƙa su da gam, ya goge, ya yi musu fenti. Tun yana aikin awon filaye ya fara, da ya ajiye aiki sai abin ya cinye masa yini. Jikin jirgin nasa ne, amma matuƙin da ke zaune a ciki aikin matarsa ne, don ita hannunta ba ya rawa. Ɗan mutum ne da bai fi ƙwayar wake ba, amma sai ta ɗauki siririn burushi ta yi masa gira, ta yi masa ɗamara, wani ma ta ƙara masa gashin baki don ta tsokani mijinta.

Da ciwonta ya yi tsanani aka ce a kawo gadon asibiti gida, ɗakin jiragen ne kaɗai mai babbar taga. Safiyo yana can asibiti wajen sallamo ta, ƙaninta ya zo gyara ɗakin. Auta ake ce masa, ɗan kwangilar gine-gine, mutumin da duk abin da bai kai bulo nauyi ba, bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ya sa hannu ya share jiragen da ke kan kantocin cikin buhunan siminti, ya ɗaure, ya kai bayan gida, ya danne su da tsohuwar taya.

"Haba Yaya, kayan wasan yara ne fa," ya ce da ya ga fuskar Safiyo. "Idan ta warke na saya maka wasu."

Ba ta warke ba. Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Safiyo ya zazzage buhunan a tsakar ɗaki, ya yi ta tonon matuƙa cikin karyayyun fukafukai. Yawancinsu babu kai. Ya riƙe abin a ransa, Auta kuwa ya manta da zancen tun kafin ya wanke hannu.

Shekaru suka ɗan ja, hawan jini ya kama Auta. Likita ya hana shi zuwa wurin gini da yi wa leburori tsawa, ya ce ya nemi abin da zai zaunar da shi wuri ɗaya. Wata safiya sai ga shi a ƙofa, rungume da kwali mafi girma da ke shagon mai sayar da jiragen.

"Yaya, na zo makaranta. An ce kowace shekara kuna baje kolinku a shagon nan, wanda ya yi fice a sa nasa a taga. Bana ni ne."

"Kayan wasan yaran?"

"Wa ya ce haka? Ai wannan aikin manya ne."

Safiyo ya dube shi ta saman tabarau, ya ga da gaske bai tuna ba. Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ya matsa gefe ya ba shi hanya.

Ya koya masa, kuma bai rage masa komai ba. Ramuwar da yake so ba ta yiwuwa da mummunan jirgi, sai mutum ya so abu kafin rasa shi ya yi masa ciwo. Ya nuna masa yadda ake cire gutsure da reza ba a murɗe shi ba, yadda ake goge layin haɗi da samfefa har farce ya wuce bai ji shi ba, yadda ake sirka fenti ya yi ruwa-ruwa, a shafa sama-sama, a bari ya bushe, a sake. Yatsun Auta kamar guduma suke, hantsaki ya yi ta kufce masa, amma ya nace. Ya daina amsa waya. Har ya fara riƙe numfashi idan zai ɗiga gam, ba tare da an ce ya yi ba.

Akwai abu ɗaya da duk mai wannan aiki ya sani, yawanci don ya taɓa cin shi. Irin wannan jirgi bayansa ya fi gabansa nauyi, ƙafafunsa kuma suna tsakiya. Idan ba a cusa dalma a hancinsa kafin a rufe jikin ba, ranar da aka tsayar da shi zai faɗa kan wutsiya, hanci a sama. In an rufe kuma an rufe ke nan. Auta ba mai karanta takardar cikin kwali ba ne, me zai yi da ita ga Yaya a zaune?

Ranar rufe jikin, gwangwanin dalmar yana nan kusa da gwiwar hannun Auta. Safiyo ya ɗauke shi ya sa a aljihun tebur, ya tura da cinyarsa.

"Yaya, ba abin da ya rage a sa a ciki?"

"Me kake so ka sa, katifa? Rufe kafin gam ya sha iska."

Ya rufe. Aka shiga fenti, toka-toka a sama, fari-fari a ciki, da ɗan baƙin hayaƙi a bakin injin. Jirgin yana kwance a kan soso duk tsawon aikin. Ƙafafu su ne na ƙarshe, ana gobe baje koli, Safiyo ya ce a bar shi rigingine a kwali har gam ya kama sosai, kada a kuskura a ɗora masa nauyi sai a kan teburin alƙalai. Shawarar gaskiya ce, kowa haka yake yi. Jirgin kuma ya yi kyau, ya fi yawancin abin da Safiyo ya gani a hannun sabon shiga.

Shagon ya cika da tsofaffi masu tabarau da warin fenti. Auta ya gayyato matarsa, da surukansa, da tsofaffin magina da suka yi aiki a ƙarƙashinsa. Ya buɗe kwali, ya ɗago jirgin da hannu biyu, ya juya shi, ya ajiye a hankali, ya janye yatsunsa.

Jirgin ya ɗan yi jim, sannan ya koma da baya ya zauna ɗas, hanci a sama kamar kare yana jiran a jefo masa ƙashi.

Auta ya danna hancin da yatsa. Ya saki, ya koma. Ya sake dannawa. Wani tsoho a baya ya ce, "Wannan akwai zumuɗi, tun ba a kunna shi ba ya fara tashi." Dariyar ba ta yi ƙarfi ba, amma ta zagaye shagon, har maginan da ba su san dalili ba suka tsoma baki. Mai shago ya leƙa, ya girgiza kai.

"Ba dalma? Wa ya koya maka?"

Auta ya waiwaya. Safiyo yana jingine da kanta, yana goge tabarau da gefen rigarsa.

Da yamma Auta ya zo gidan da kwalin a hammata, bai ko zauna ba.

"Ka sani, Yaya."

"Na sani."

"Me na yi maka?"

"Ka yi tunani a hanya. Kana da lokaci, likita ya ce ka zauna."

Auta ya daɗe yana kallon kantocin ɗakin, da tagar, da wurin da gadon ya taɓa zama. Ya sauke kwalin a kan tebur. Can ya ce, "Yana gyaruwa?"

"Yana gyaruwa. A yanke hancin, a zuba, a mayar. Fentin gaba duk ya tafi, kuma tabon ba ya ɓacewa gaba ɗaya."

Safiyo ya ciro ɗan siririn zarto ya ajiye a tebur. Auta ya zauna, ya kwantar da jirgin, ya ɗora haƙoran zarton a kan fentin da ya yi makonni yana lallaɓawa. Sai ya ɗage zarton, ya dubi Safiyo.

"Yi mini, Yaya. Wallahi ba zan iya ba."

"Naka ne."

Safiyo ya jawo kujera kusa, ya gyara masa fitila don ya ga wurin da kyau. Zarton ya shiga da ƙara siririya, farin gari ya fara zuba a kan tebur.

"A hankali," in ji shi. "Kada ka yi sauri."