Rigar da Mai Wanki Ya Ara

Matar ofishin tallafi ba ta kalli idon mai wanki ba, ko da yake idon ne ya kawo shi. Rigarsa ta kalla: fara ƙal, ta sha sitaci, karin guga kamar bakin wuƙa.

"Baba, kai ne talakan?"

Mai wanki ya juya wajen da yake jin numfashin Hedimasta. "Ranka ya daɗe, ni ne ko?"

Hedimasta ya gyara zaman tabarau. Tun da ya yi ritaya ya ɗora wa kansa raka marasa ƙarfi asibiti kyauta, yana nuna musu ƙofar da za su bi. A nan ya lura mai tsumma a kan benci yake yini. Shi ya sa ya ce wa mai wanki ya zo fes. Mai wanki kuwa ya ɗauko rigar wani mai kawo masa wanki, ba tare da mai rigar ya san ya yi wannan alheri ba.

Dabarar ta ci a ƙofar likita, mai gadi har da sara musu. Likita ya ce farar yana ce ta rufe idon, ƙaramin aiki ne, su je ofishin tallafi a sa shi cikin waɗanda za a yi wa kyauta. In ba a yi ba, dutsen guga zai ci gaba da cin kayan mutane har su daina kawowa.

"Ranki ya daɗe, rigar ba tasa ba ce," in ji Hedimasta.

"To ta wa ce?"

Mai wanki ya taka wa Hedimasta ƙafa.

"Ta... wani ce."

"Kowa haka yake cewa. Mu nan abin da muka gani muke rubutawa."

* * *

Da mako ya zagayo suka dawo, mai wanki cikin rigarsa ta gaskiya, mai shatin ƙunar dutsen guga a kafaɗa. Matar ta gamsu, har ta girgiza kai don tausayi. Sai dai dubawar da likita ya yi masa ta kwana biyu, ta ce su koma ya sake dubawa.

"Baba, ba a bara a nan," in ji mai gadi, wanda ya sara musu wancan makon. Ya nuna musu benci.

Suka zauna. Masu takalmi mai ƙyalli suna shiga suna fita. Hedimasta ya yi ta juya abin a kansa yadda ya saba juya lissafi a allo, amsar ta ƙi fitowa.

"Na gane!" ya ce daga baya. "Gobe ka zo da duka biyun, ka canza a banɗaki."

"Mai ita ya karɓi abarsa. Ya ce tana warin asibiti. Ya kwashe wankinsa ya kai gaba."

Hedimasta ya fara ɓalle maɓallin wuyan rigarsa. "To sa tawa."

Mai wanki ya miƙa hannu, ya murza yadin tsakanin yatsu, ya shafa bakin wuyan inda ya fara zarewa.

"Ranka ya daɗe, bar abarka. Wannan ba ta kai ta ganin likita ba, kuma ba ta lalace yadda za a ba ta tallafi ba."

Aka ja labulen tagar likita, an tashi aiki. Mai shara ta zo da bokiti ta ce su ɗaga ƙafa. Suka ɗaga, suka riƙe su a sama, suna jiran ƙasa ta bushe.