Laftof ɗin Aro a Kasuwar Canaan

Komai ya tsaya cak. Asma'u ta danna kibiyar sama, ta danna ta ƙasa, ta yi ta dukan Esc har yatsarta ta yi zafi, amma baƙar tagar nan ko gezau. Gyaran da ta yi tun safe ga shi a gabanta kamar kaya a bayan gilashi, tana gani ba damar taɓawa, kuma ba ta riga ta adana shi ba.

Aikin ba a cikin laftof ɗin yake ba. Yana can cikin babbar kwamfutar jami'arsu, inda take digiri na biyu a kan ambaliyar kogin Haɗeja. Ta wannan baƙar taga take leƙa shi, taga marar hoto marar mawus, wadda ba ta jin magana sai ta madannai. Ɗalibai layi suke bi kafin babbar kwamfutar ta yi musu lissafi, yau da azahar kuma za a rufe layin wannan zango. Wanda bai tura nasa ba sai zango na gaba. Ita kuwa tallafin karatunta da bizarta duk a wannan zangon za su ƙare.

Nata laftof ɗin ruwan sama ya kashe shi jiya tsakanin tashar jirgin ƙasa da ɗakin kwana. Shi ya sa ta sammako kasuwar Canaan, a nan birnin Guangzhou, wajen Hajiya Ramatou, 'yar kasuwa daga Maraɗi wadda take taimaka wa da tafinta, ta ari nata, ta raɓe a kan wani dilan riguna a ɗakin ɗaure kaya.

"Ɗiyata, mi ya faru? Hancinki duk ya yi zufa," in ji Hajiya tana liƙe kwali da salatif.

Asma'u ta ce kwamfuta ce ta ƙame. Hajiya ta ce ai nata odinatar bai taɓa ƙamewa ba sai yau da hannun 'yan Najeriya ya hau shi, su da ko shinkafa suka ɗora sai sun tsaya a kanta suna yi mata faɗa ta yi sauri. Wata rana da Asma'u ta rama. Yau ko murmushi ba ta samu ba.

Ta kira Ma'azu, wani ɗan Zariya da suke ɗakin bincike ɗaya. Ya ce ta rufe tagar ta sake shiga, wataƙila editan, manhajar da take gyaran a cikinta, ya ajiye kwafi a ɓoye. Ta tambaye shi idan bai ajiye ba fa. Ya ce to sai haƙuri. Ta kashe wayar. Ba za ta jingina shekarun karatunta da wataƙila ba.

Ta ɗora hannayenta a cinya, ta tilasta wa kanta bin sawun abin da ya faru. Ta gama gyara layin ƙarshe. Sai laoban, wato mai shagon jins ɗin da Hajiya ke saye a wurinsa, ya leƙo yana ta meiyou, meiyou, wai launin da ake so babu. Hajiya ta ƙwala mata kira ta zo ta ji abin da yake cewa. Ta miƙe. Kafin ta miƙe kuwa...

Ta dubi hannunta na hagu, wanda ya riga ya koma kan madannai da kansa. Ƙaramin yatsa a kan Ctrl, na tsakiya a kan S.

A shagon buga takardu na babanta a Kano ta koyi kwamfuta, inda wuta ke tafiya ba sallama. Dokar shagon ɗaya ce: ko ruwa za ki tashi sha, ki danna Ctrl da S ki adana aiki tukuna. Tun zuwanta Guangzhou ba ta taɓa ganin an ɗauke wuta ba, amma hannun bai samu labari ba, har yau tsoron Kano yake ji. A wannan baƙar taga kuwa Ctrl da S ba adanawa yake nufi ba. Cewa yake a tsayar da nuna komai har sai an ba da izini.

Ajiyar zuciya ta ƙwace mata. Wannan ai ta san maganinsa tun shekarar farko: Ctrl da Q. Ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, ta sake, ta yi ta yi kamar mai buga ƙofar gidan da ta tabbata akwai mutane a ciki. Ba abin da ya motsa.

A waje masu tura kaya suna ta ihun a ba su hanya. Wani Bazabarme ya leƙo yana tambayar inda ake alwala. Azahar ta kawo jiki ke nan.

Abu ɗaya ya rage, ta roƙi malaminta ya sa baki a ɗaga mata ƙafa, ko da yake ta san mutumin bai iya roƙo ba. Ta buɗe wata taga a laftof ɗin don ta rubuta masa saƙo, ta fara da sunanta. Abin da ya fito ya sa ta tsaya. A wurin A ga Q, a wurin M ga waƙafi. Ta goge ta sake a hankali, tana kallon yatsunta. Haka dai.

"Hajiya, da na tafi wajen laoban, kin taɓa laftof ɗin nan?"

"Taɓawa kamar ƙaƙa? Saƙo guda na maida ma wata a Yamai."

"Da Faransanci?"

"To da Sinanci zan rubuta mata?"

Sai Hajiya ta bayyana, ba tare da ta daina liƙin kwalinta ba, cewa a nan Guangzhou ta sayi na'urar, haruffan da ke fuskarta jerin Ingilishi ne, ita kuwa da jerin Faransa ta koya a Maraɗi. Don haka in za ta yi rubutu takan juya shi can ciki ya koma irin na gida, ta buga ba ta kallo. Ta saba har ba ta sanin ta juya.

Asma'u ta kalli madannan. Fuska ba ta canja ba, ciki ne ya koma wani harshe. A jerin Faransa, Q da A musayar gida suke yi. Duk bugun da ta yi, ƙofar maƙwabta take bugawa. Ta danna Ctrl, ta kai yatsa kan wanda aka rubuta wa A.

Tagar ta farfaɗo. Rubutu ya yi tsalle, 'yar alamar ta ci gaba da ƙyaftawa. Asma'u ta mayar da madannan jerin Ingilishi, ta fara buga umarnin adanawa.

Sai ta dakata. Tagar ta daina nunawa ne kawai, ba ta daina ji ba. Duk abin da ta danna cikin firgici ya isa can. Ina ya sauka? A wannan edita, Ctrl da A ƙara lamba yake yi, ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ta danna shi ba adadi tana zaton Q ne.

Ta bi layukan da ido. Ga shi nan. Lambar yawan ruwan sama ta kumbura, ta zama ruwan da ba a taɓa yi a ƙasar Haɗeja ba. Da ta tura haka, babbar kwamfutar za ta karɓa ba musu, ta nutsar da garuruwa a lissafi, ita kuma ta tsaya gaban malamai tana kare ƙarya da zuciya ɗaya. Wannan ya fi ƙamewar ba ta tsoro. Ƙamewa ko ba komai tana nuna kanta.

Ta yi ta janye canjin baya-baya har lambar ta koma yadda ta bar ta. Ta karanta fayil ɗin daga sama har ƙasa, ta adana, ta tura. Layi ɗaya ya fito: an karɓa, aikinta ya shiga sahu.

Ta jingina da dilan rigunan ta rufe ido. Hajiya ta turo mata kofin shayi da ƙafa, ta ce in an gama yi wa odinatar ɗinta faɗa a mayar mata da shi yadda aka same shi.

Asma'u ba ta kai kofin baki ba hasken ƙofa ya ragu. Wani mutum ne tsaye cikin shuɗin yunifom na 'yan sanda, da 'yar na'urar duba fasfo a hannunsa. Bai kalli kayan ba. Ya dubi Hajiya, ya dubi Asma'u, sannan ya yi magana da Sinanci a hankali, kamar wanda ya tabbata akwai mai jin sa. Ya ce an gaya musu akwai ɗalibar da ke aikin tafinta a wannan hawa ba da izini ba.

Hajiya ta juyo.

"Ɗiyata, mi ya ce?"